Kwanoni Uku a Layin Shinkafa

Na yi awo a kanti tun ina saurayi har gemuna ya yi fari, fuskoki da yawa sun ɓace mini, amma ranar da mata uku suka zo suka tsaya a layin shinkafa a Garuwa, wannan kam ban taɓa mantawa da ita ba. Tunda yau kun zauna kuna son tsoho ya ba ku labarin aiki, ita zan ba ku, ko da yake ba labarin dariya ba ne.

Shekarar da kwalara ta fara shigo mana arewa ke nan, farkon shekarun saba'in, zamanin shugaban ƙasa na farko. Da fari ko sunanta ba mu sani ba, amai da gudawa muke cewa. Mutum ya yi sallar asuba a sahu, kafin la'asar an kai shi. Bazara ce, kun kuwa san bazarar Garuwa. Binuwai ya ja baya, jiragen ruwa ba sa zuwa sai damina, motocin da ke kawo kaya daga Yola da kudu an tare su a shingaye ana neman katin allura. Hukuma ta hana sayar da nono da fura da ɗanyen kifi da duk wani abincin talla, aka rufe rabin kasuwa. Masu hatsi da suka ga haka sai suka ja buhunansu ɗaki suna jiran tsada.

Kantinmu na wani kamfani ne, daura da babbar kasuwa. A sama akwai manaja, mu Shef muke ce masa, mutumin kudu ne, ba ya jin Hausa, Fulatancinsa kuma bai wuce gaisuwa ba. Ƙarƙashinsa akawu, sai mai riƙe da makullin sito, sai mu masu awo, sai leburori. Ni ne ƙaramin masu awo, kuma da yake na ɗan taɓa lekol, wato makarantar boko, ina jin Faransanci, ni nake yi wa Shef tafinta. Tun da ciwon ya yi tsanani ya hana mu komawa unguwa, a harabar kanti muke kwana, saboda haka abin da ke faruwa a lungunanmu sai dai mu ji a bakin masu saye.

Da kaya suka yi ƙaranci, jami'an tsafta suka zo suka tsara mana yadda za a yi ciniki. Aka rufe ƙofar kanti, aka bar taga ɗaya. A filin gaba leburori suka zana da'ira-da'ira da farar ƙasa, tsakanin kowace da ta gabanta kamar tsawon tabarmar salla, kowa ya tsaya cikin tasa. Ba musafaha, ba taɓa juna. In ka iso taga, ka jefa kuɗinka cikin daro mai ruwan magani, ka ajiye kwanonka a benci, ka ja baya, in zuba, sannan ka matso ka ɗauka. Shinkafa mudu ɗaya da ɗan gishiri, sukari in akwai, sabulu sai ranar sa'a. Mudun kuma a shafe, ba tozo, ba gyara. Babbar dokar ita ce mutum ɗaya mudu ɗaya, kuma sai wanda ya zo da ƙafarsa, don kada 'yan kasuwa su turo mutanensu su kwashe su ɓoye. Wani jandarma dogo, ɗan Kolofata, shi ke tsaron layi da kulki.

Ku da ba ku gani ba, da wuya ku gane. Mutanen da in sun haɗu sai an tambayi gida da yara da gajiya, ga su tsaye kowa cikin da'irarsa kamar akuya a turke, wani ya yi tari kowa ya juyo yana hararsa. Ni abin da ya fi ci mini rai hana gyara ne. Maigidan da ya koya mini awo yakan ce mai awon da ba ya gyara ba shi da albarka, ga shi an ba ni guntun katako an ce in riƙa shafe bakin mudu.

Akwai wata tsohuwa a unguwar Hausawa, Goggo Dudu. Bafulatana ce da aure ya kawo ta cikinmu, mijin ya daɗe da rasuwa, ba ta da ɗa a raye. Daddawa da kuka take sayarwa a bakin kasuwa kafin a tashe su. Ta san ni tun ina rarrafe, kuma kamar yadda kakanni suke yi, mijinta take kirana. Wata safiya ta iso taga ta jera kwanoni uku a benci: langa mai furanni, da tasa, da wata ƙwarya da ta tsage aka ɗinke.

"Maigida, jam na, lafiya? Zuba mini, ka tsaya kana kallona kamar yau ka auro ni."

"Goggo, mudu ɗaya doka ta ce."

"To ai ni ma ɗaya-ɗaya na ce."

Jandarma ya matso ya sa kulki ya ture langa da tasa ƙasa. Goggo ta sunkuya ta tsince su, ta kakkaɓe da gefen zane, ta sake jerawa. Ƙarar tasar ce ta fito da Shef daga ofis, ya tambaye ni me ke faruwa.

Goggo ta ce, "Gaya wa Shef ɗinka, akwai gidaje a lungunmu da ciwon nan ya ɗauke mazan. Matan suna takaba, ga yara. Maƙwabta ko ta ƙofarsu ba sa bi. Wa zai sayo musu?"

Na yi wa Shef bayani cewa a wurinmu in miji ya mutu, matar tana zama a gida wata huɗu da kwana goma, ba ado, ba fita, ba hira da maza. A zaman lafiya dangi da maƙwabta ke ɗauke mata komai, amma yanzu kowa na gudun gidan da aka yi rashi. Wani malami da ke cikin layi, Modibbo Hamadu, ya ɗaga murya daga da'irarsa ya ce ai shari'a ta yarda mai takaba ta fita in lalura ta kama.

Goggo ta juya ta ce, "Allah ya gafarta Malam, littafi ya yarda, bakin unguwa ne bai yarda ba. Kuma a layin nan wa ka ga zai tsaya kusa da su?"

Sai wani ɗan kasuwa daga baya ya ce in dai kwano na bin layi, shi gobe da buhuna zai zo.

Shef ba mugu ba ne, tsoro yake ji. Ya san in ya buɗe wannan ƙofa, kayan ba za su kai azahar ba, kuma shi hukuma za ta tuhuma. Ya ce in tambaye ta kwanoni nawa ne gaba ɗaya. Goggo ta dubi layin, ta dubi ɗan kasuwan, ta ɗan jima, sannan ta ce uku. Shef ya ce to uku, amma kowane kwano sai ya bi layi a da'irarsa kamar mutum, kuma ranar da ya ga na huɗu ya soke duka.

Haka aka ci gaba. Kullum da sassafe Goggo za ta ajiye langa a da'ira ɗaya, tasa a ta biye, ita ta tsaya da ƙwarya a ta uku. Layi ya motsa, ta sunkuya ta matsar da langa, ta dawo ta matsar da tasa, sannan ta matsa da kanta, dafe da ƙugu, rana na dukanta. Ba mai iya taimaka mata, don an hana taɓa kayan wani. Da tafiya ta yi tafiya, jandarman nan da kansa, da kulkin da ya ture kwanonin, shi yake tura mata su gaba a hankali, yana kallon wani wuri kamar ba shi ba.

Ni kuma a raina na riga na raba kwanonin. Langa da tasa na masu takaba ne, ɗinkakkiyar ƙwarya kuwa ba wanda ta yi kama da shi sai Goggo. Saboda haka langa da tasa sai in shafe su daidai doka, in an zo kan ƙwarya sai katakon ya ɓace mini, in bar ɗan tozo.

"Maigida, yau ka tuna da amaryarka."

"Don kada ki kai ni wurin alƙali ne, Goggo."

Ina ganin tana ramewa, zane na ƙara zagaye ta, amma a shekarar nan wa bai rame ba?

Sai aka wayi gari ba Goggo. Washegari ma haka. Ba wanda ya yi maganar, don a lokacin in mutum ya ɓace daga layi ba a tambaya, kowa ya san amsar yana gudunta. Na dai lura da safe mutane na barin da'ira uku ba kowa a ciki, har sai jandarma ya ce a matso.

Ranar da nake ba ku labari, hantsi ya fara zafi, ina cikin awo sai na ji surutun layi ya ɗauke. Na leƙa ta taga. Mata uku ne suka shigo filin a jere, lulluɓe da zannuwa marasa ado, ba kwalli ba awarwaro, kawunansu a ƙasa. Ta gaba na riƙe da langa mai furanni. Ta biyu na riƙe da tasa. Ta ƙarshe, ƙaramar yarinya ce da goyo a baya, ita ke rungume da ɗinkakkiyar ƙwarya.

Mutanen da ke kusa suka fita daga da'irorinsu suka ja gefe, wasu don kunya, wasu don tsoron ciwo, Allah kaɗai ya san wanne ya fi yawa. Wani ya fara cewa, "Masu takaba a bakin kasuwa..." Modibbo Hamadu ya daka masa tsawa, mutumin ya haɗiye sauran. Jandarma bai tambayi kowa ba, ya nuna musu da'irorin gaba.

Babbar cikinsu ta ajiye langa a benci ta ja baya. Na sunkuyar da kai, don ba a kallon mai takaba, na ce, "Baiwar Allah, ina Goggo?"

Da ƙyar na ji muryarta. "Ta rasu. Masu tsafta suka zo da mota suka ɗauke ta, ko wanka ba a bari an yi mata ba. Mun jira ko wani zai leƙo mu, har abincin yara ya ƙare."

Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, na zuba mata. Na zuba wa mai tasa. Da yarinyar ta ajiye ƙwarya, bakina ya suɓuce na ce, "Wannan ai ƙwaryar Goggo ce."

Ta ce, "Tawa ce, da ita aka kawo ni gidan miji. Goggo ta ce mai awo kullum yana yi mini tozo saboda goyona, ta ce in riƙa sa shi a addu'a."

"To ita ina nata kwanon?"

Babbar ce ta amsa. "Ba ta da shi. Mun ce ta haɗa da nata, ta ce in ta kai huɗu za a hana duka. In ta ajiye mana a bakin zaure, kowa sai ta ɗibar mata kaɗan. Wata rana ta karɓa, wata rana ta ce ta ci a hanya."

A hanya kuwa, a wannan shekara, ba abin da ake sayarwa. Mudu ɗayan da doka ta ba ta don ta zo da ƙafarta, shi ne wanda take kai wa yarinyar. Na tsaya da mudu a hannu, hawaye na zuba, ban iya share su ba don an hana mu taɓa fuska muna awo.

Shef ya ga layi ya tsaya ya fito. Na fassara masa duka, ban rage komai ba. Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa, sannan ya ce, "Me ya hana ta ce huɗu?"

Na ce, "Shef, da ta ce huɗu, za ka yarda?"

Ya dubi layin, ya dubi matan, ya ce, "Ban sani ba."

Daga ranar ya ba da umarni, duk gidan da ake takaba liman ya shaida, leburori su kai musu mudunsu a amalanke su ajiye a bakin zaure. Matan nan uku ba su sake fitowa ba har suka gama takabarsu. Dabara ce mai sauƙi, amma sai da ta ci mutum kafin ta zo mana, kuma wannan har yau yana yi mini ciwo.

Abin da na koya a aikin nan shi ne, wanda ya fi buƙata ba shi ne ya fi surutu a taga ba. Mutanenmu, musamman tsofaffin mata, za su tsaya a rana su roƙa wa kowa, amma ba za su buɗe baki su roƙa wa kansu ba, kunya ba za ta bari ba. Mai awo ne ya kamata ya tambaya. Shi ya sa kuke jina, duk wanda aka aiko sayayya, in na gama zuba masa sai in ce, "Kai fa, ina naka?" Kuna dariya kuna cewa tsoho na neman ciniki. Ba ciniki nake nema ba. Ita ce tambayar da duk filin nan, daga Shef har jandarma har malam har ni, ba wanda ya yi wa Goggo Dudu.