Kafin A Ɗaure Dawa

Sada Abdulsalami Kangire, na san shi ne a daminar shekarar 1962, a kasuwar Birnin Kudu, inda nake rubuta wa mutane wasiƙa. A lokacin shekarata biyu da karɓar takardar shaidar Yaƙi da Jahilci, ina ɗan arba'in da ɗaya, kuma ba a taɓa dawo mini da wasiƙa saboda kuskure ba.

Saurayi ne manomi, mai yawan kunya. Ya tsuguna ya ce, "Malam, waƙa nake so ka warware mini."

Na ce, "Alƙalami na iya, ba kalangu ba. Amma faɗi mu ji."

Wata budurwa ce, Turai, 'yar garin Maruta na ƙasar Gwaram. Ranar kasuwa da la'asar 'yan mata suna gaɗa, sai ta shiga tsakiya ta rera, tana duban wajen da yake tsaye:

"Mai so na ya zo kafin a ɗaure dawa,
In an ɗaure, ni ma ban san inda nake ba."

Na ce, "Wannan ai a fili take. Tura manya."

Ya ce, "Wane manya?" Mahaifinsa ya rasu, kuma a zuriyarsu ƙanen uba kaɗai ke nema wa yaro aure. Bappansa kuwa ya yi kudu da shanu tun bara, damina ta faɗi bai dawo ba. Na ce ya tura liman. Ya dube ni kamar na zage shi.

"Bappa yana raye in tura bare? Haba Malam!"

Wasiƙa uku na rubuta wa Bappa, muka ba fataken shanu. Ko ɗaya ba a amsa ba. Aka ɗaure dawa. Kafin azumi Turai ta auri wani maɗinki, da yardarta. Bappa ya dawo da ruwan fari, ya ji labari, ya ce ai da an tura kowa ma ba zai ji haushi ba.

Sada ya yi aure daga baya, ya haifi 'ya'ya shida. Da aikin titi ya zo ya shiga lebura, har ya sayi keke. Bai taɓa aibata Turai ko Bappa ba.

A haɗuwarmu ta ƙarshe, furfura ta fara masa, ya jingine kekensa ya ce, "Malam, tsakani da Allah, da ni take, ko waƙa ce kawai irin ta 'yan mata?"

Na daɗe ina juya alƙalami. Na ce masa ban sani ba.

Ranar 14 ga watan Nuwamba, 1976, ke nan.