Likitan da Ya Kwantar da Gwaggo

Kafin maƙwabtansa su gama share ƙofar shago, Likita ya riga ya buɗe nasa, ya shimfiɗa buhu a kan tebur, ya jera magagari da filaya da kwalbar mai da tsumman nan nasa mai ƙaurin albarushi. Sai ya juya ga bango ya gaida bindigogin da ke rataye, kowacce da sunanta. "Mai Tari, an tashi lafiya? Shagwaɓa, yau ma fushin ne?" Bai taɓa karatun asibiti ba. Gyaran bindigogin maharba da masu gadin gona ne sana'arsa, su ne suka laƙaba masa sunan, don in ka kawo masa aiki ba ya tambayar me ya lalace. Cewa yake, "Yaya sunanta, kuma me ke damunta?" In ka ce taka ba ta da suna, sai ya dube ka kamar wanda ya manta sunan matarsa.

Ni dai ba abokin bindiga ba ne. Ma'aikacin ofis ne ni, irin mutumin da ko murfin tukunya ya faɗi sai ya yi salati. Amma na taso na tarar da wata a gidanmu, ana ce mata Gwaggo, saboda in ta yi magana kowa sai ya yi shiru. Da ita Baba ya ƙare ƙuruciyarsa yana korar birai daga gonakin mutane. Yakan ce ba ta son damina, ba ta son baƙon hannu, kuma ba ta taɓa ba shi kunya ba. Wannan na ƙarshen, ni yake kallo in zai faɗa.

Sai yanar ido ta fara rufe masa gani. Bara, da rana tsaka, ya hango abin da ya rantse shirwa ce za ta suri 'yan tsaki. Ɗankwalin matata ne, tana shanya a bayan tankin ruwa. Allah ya taƙaita, tanki ne ya karɓi harbin. Ta shigo jiƙe sharkaf, ta ce ba za ta ƙara taka tsakar gida ba muddin Gwaggo na ciki. Na tattara ɗan ƙarfin halin da nake da shi na je na durƙusa. "Baba, idon nan naka..." Ya ce, "Idon nan ya ga ranar da aka haife ka, kuma tun ranar bai ga abin tsoro a wurinka ba. Tashi ka ba ni wuri." Na tashi na ba shi wuri.

Washegari na kai kuka wurin Likita. Ya saurara yana ta goge wani ƙarfe. "Ka ce masa ya tsufa?" Na ce ido kawai na ambata. "Ai shi ne. Ba a gaya wa mai bindiga ya tsufa, ɗana. Ita ake gaya wa. Ka ce ina neman Gwaggo in sa mata mai."

Da muka kai ta, ya buɗe ta, ya leƙa bakinta, ya kara kunne, ya girgiza kai. "Yaya, tun yaushe take wannan numfashin?" Baba ya gyara zama. "Ashe kai ma ka ji! Ranar nan shirwa na nuna mata, ta wuce ta bugi tanki." Likita ya ce, "Tsufa ne. Gado za mu ba ta." "Har yaushe?" "Sai ta ji sauƙi." Ya rataye ta a bango.

A ranar na gane rabin bangon nan masu jinya ne. Wanda ke da Mai Tari hannunsa ne ke karkarwa. Mai Shagwaɓa kan manta ko ya ɗura harsashi ko bai ɗura ba. Kullum da hantsi tsofaffin ke zuwa dubiya, su cika benci, su sha shayi, su yi ta gardamar ta wa ta fi faɗa.

Kai ne, Likita, kake karɓe makami daga hannun dattijo ka bar masa girmansa. Kai ne mai sa gida ya yi barci ba tare da ɗa ya ɗaga wa ubansa murya ba. Ba ka taɓa neman a gode maka ba, don godiyar ma tana iya tona maganar.

Watan nan ciwon baya ya ci ƙarfinsa, ya ce zai rufe shago. Da labari ya iso, Baba ya ɗauki sandarsa ya ce mu je mu ɗauko Gwaggo.  Matata kuwa ta fara haɗa kayanta a buhu.

Muka tarar da Likita yana sauke bindigogin ɗaya bayan ɗaya. Ya ce ya buga ƙusoshi a ɗakin baƙinsa, duk can zai koma da su, benci ma zai bi su. Amma Baba ya miƙa hannu, dole aka ba shi Gwaggo. Ya ɗora ta a cinya, ya shafa ta tun daga baki har gindi. Ni ina ta addu'a a zuci. Can ya miƙa wa Likita ita. "Har yanzu ba ta gani sosai," in ji shi. "Kada ka sallame ta, ko da na zo na yi maka rigima."

Mun gode, Likita. Allah ya ba ka lafiyar bayan nan, ya saka maka da alheri. Ku kuma masu sana'a, ku riƙa duban mai kaya kamar yadda kuke duban kayan.

A hanyar gida Baba ya kama hannuna da kansa, abin da bai taɓa yi ba, ya ce in yi a hankali, akwai rami a gabana. Babu rami. Na dai tsallaka.