Bakin Kogi Ba Kowa

A shekarata ta biyu a jami'a, mushen da ke koya mana tarihi ya raba mana tsofaffin hotunan zamanin anasara. Ya ce kowa ya nemo wurin da ke cikin nasa, ya sake ɗauka daidai yadda yake. Wanda nasa bai yi kama ba zai maimaita darasin baɗi. Nawa bakin kogi ne: ruwa, tudu, ba mutum ko ɗaya. A ƙasa an rubuta da Faransanci wai fili ne da ba kowa.

Na gano tudun. Sai dai wurin cike yake da masu wanki, da masu sauke kabewa daga jirgi, da wani mai wanke moto. Ni kuwa ko a kasuwar Petit Marché sai mai tumatir ta gaji da kallona kafin in iya yin tayi. Na yi ta zuwa ina tsayawa da waya a hannu, ina jiran su watse da kansu. Wata tsohuwa mai wanki har ta fara ajiye mini dutsen zama.

Kawuna, direban taksi, ya ji labari.

"Duk karatunki ba ki iya cewa a matsa ba? Shiga mota."

Da muka isa, ya sa baƙin tabarau, ya sauka yana tafa hannu.

"Aikin gwamnati ne! Kowa ya koma baya!"

"Wace gwamnatin?" in ji tsohuwar. "Ta jiya ko ta yau?"

"Inna, wadda kika fi tsoro."

Suka kwashe kaya suka taru a bayana, jiƙaƙƙen wanki a ka, ruwa na ɗiga a wuyansu. Mai kabewa ya ce, "Madam, a yi sauri." Na ɗauka. Ruwa, tudu, ba kowa.

Mushe ya ba ni maki mafi yawa, ya ɗaga hoton a gaban aji.

"Kun gani? Har yau ba a taɓa wurin nan ba."

Na buɗe baki, na ga idanu sun juyo kaina, na rufe.

Tsohon hoton yana manne a bangon ɗakina a unguwar Talladjé. Yanzu can ƙasa ta hagu nake dubawa, inda bakin wata ƙwarya ya leƙo. Kawun anasaran da ya ɗauki hoton bai kai nawa iya aiki ba.