Farin da Muka Ɗauka Hutu Ne

Shekarun baya, ina cikin ramin zinariya a Tchibarakaten, abokina ya leƙo daga sama ya ce in fito, yayar matata ce a waya. Na fito da ƙasa har cikin kunne.

"Malam, an kwantar da ita a asibiti. Sun ce jininta ya yi ƙasa ƙwarai, a kawo mai bayarwa."

"Wane jini kuma, Yaya? Ciwo ta ji?"

"Ba ta ji ciwo ba. Kai dai taho."

Wata biyar ke nan rabona da Arlit. Na bar matata da ƙaramin ciki, na fari. Duk ranar da waya ta kama takan turo mini hoto, kuma kowane hoto ta fi na baya haske. Ni da nake taƙama da ido, wai ina gane zinariya tun tana cikin dutse, sai na ce mata, "Kin yi fari, cikin nan ya karɓe ki." Abokina ya leƙa wayar ya yi dariya: "Kai kana baƙi a rami, ita tana fari a inuwa. Ai haka ake so, ango!" Matan unguwa kuma suka ce alamar mace ce za ta haifa.

Sau ɗaya ta gaya mini in ta ɗauko ruwa daga famfo sai ta zauna sau biyu a hanya, ƙirjinta na bugawa. Na ce nauyin ciki ne, ta bar ɗaukar ruwa. Ba ta ƙara faɗa ba. Cikin fari ana jin kunyarsa, ko awon ciki ma sau ɗaya kawai ta je. Ƙwayoyin ƙarin jini da aka ba ta kuwa ta ajiye, don an ce mata suna sa ɗa ya yi girma, haihuwa ta yi wuya.

Mota ba ta barin wurin sai ayari ya haɗu. Na yi kwana biyu ina jira, kwana biyu a hanya. Da na isa, na tarar da tabarmi a ƙofar gida.

Naƙuda ta zo mata a wata na takwas. Wani makanike da ba mu sani ba ya ba da jini leda ɗaya, ba ta isa ba. An yi jana'iza kwana ɗaya kafin in iso. Jaririyar ta rayu. Na same ta a ƙirjin Yaya cikin zane, ba ta ko da ƙarfin kuka.

Da na je asibitin, ungozomar da ta karɓi haihuwar ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce jinin da matata ta zubar ba shi da yawa, da mai isasshen jini ce, da ta tashi. Ta ja fatar idonta ƙasa da yatsa ta nuna mini. "Nan ake dubawa, da tafin hannu. In ja ya tafi, a kawo ta."

'Yata ta daɗe ba ta yi tafiya ba, kuma ta sha jinya. Yanzu tana makaranta a Damagaram, wajen kakarta. Ajali ne, na yarda. Amma na ga alamar da idona, na yaba ta. Tun daga nan, in abokin aiki ya ce iyalinsa na da juna biyu, nakan ce ya tambaya ko tana zuwa awo, ko tana shan maganin. Wasu su gode, wasu su ce ina ruwana.

Ranar da na je asibitin nan, ina fita ungozomar ta ce tunda na zo da niyyar ba da jini, in bayar, akwai wata mai ciki kwance tana jira. Na ce mata sai gobe. Har yau ban koma ba.