Darlene da ajin ranar Laraba

Maƙwabciyata Darlene a teburin kicin ta karantar da 'yarta Tabitha, ba ta taɓa kai ta makaranta ba. Da yarinyar ta kai shekara sha shida, ta ce injiniya za ta zama, sai uwar ta nema mata kwaleji a garin da ke gaba da mu. Amma ajin lissafin da take bukata ranar Laraba da yamma kaɗai ake yi, daidai lokacin addu'armu a coci. Darlene ce kuma mai kaɗa mana piyano.

Ranar Lahadi matar fasto ta tare ta a bakin ƙofa. "'Yar'uwa Darlene, yanzu lissafi ya fi addu'a? Ta jira baɗi mana."

"Baɗi? Allah bai ba ta kan nan don ta ajiye ba. Ni zan riƙa kai ta, addu'ata a mota zan yi."

"To, piyanon fa?"

"Ai kuna da bakuna."

Ni dai, da Laraba ta zo, na ɗauki Littafi Mai Tsarki na maigidana marigayi, na shiga motar tare da su.