Kwandon Waya a Motar Baba

Tun da Baba ya rasu, Inna ba ta ƙara shiga mota ba. Shi ne mai kai ta ko'ina a motarsa ta haya, ƙirar Faransa mai dogon baya, wadda ya yi shekara da shekaru yana ɗaukar fasinja da ita tsakanin Azare da Katagum. Bayansa direbobi suka yi ta karɓarta suna aiki, har ta gaji ta zauna a ƙofar gidanmu, awaki suna shan inuwa a ƙarƙashinta.

Inna tana da ƙanwa a Katagum, ciwon ƙafa ya zaunar da ita. Kullum saƙonta ɗaya ne: Yaya ta zo su ga juna tun da sauran kwana. Na aro motar maƙwabci, Inna ta ƙi ko leƙa ta.

"Ni motar babanku na sani," ta ce. "In ta tashi yadda ya bar ta, sai in je."

Sai muka tura ta garejin abokina, wani Babarbare da muka taso unguwa ɗaya. Ya ɗaga bonet, ya daɗe yana kallo, sannan ya fashe da dariya.

"Bafillace, wannan inji ne ko juji? Sayar da ita ka sayi saniya, ita ka iya kiwo."

"Kai dai gyara, bawana. Ba shawara na zo nema ba."

Gaskiyarsa ne. Direbobin nan kowa ya bar tabonsa. Kafiretar ta wata mota ce daban, an toshe bakin lagireto da tsumma, an ɗaure batir da igiyar roba, wayoyi kuwa kamar gidan gizo-gizo. A gefen bututun da hayaƙi ke fita daga inji akwai wani kwandon waya, baƙi ƙirin, an ƙulle shi da ƙarfe. Na ce duk abin da ba da shi ta fito daga kamfani ba, a cire. Kwandon ne farkon abin da na cisge da hannuna.

Neman kayan asali ya ci damina da rani. Na samo kafireta a Gamawa wajen masu sayar da tsofaffin ƙarafa. Lagireto kuwa a Itas na same shi, jikin wata 'yar'uwar motarmu da kaji suka mayar akurki. Sai da na jira kaza ta gama kwanci kafin mai gidan ya yarda a taɓa motar. Karatun da nake koyo a ajin manya ya yi mini rana, don da kaina nake goge ƙarfe in karanta tambarin da ke jiki, in tabbatar ɗan asali ne. Abokina ya ce tun da na iya haɗa baƙi ya rasa sukuni. In ya kawo sabon abu mai ƙyalli, sai in juya shi in ce a mayar.

Ranar da motar ta tashi, ƙararta ta fito sumul kamar yadda nake jin ta ina yaro. Mun wanke injin da kananzir, mun shafa baƙin fenti inda ya kamata. Na kawo ta ƙofar gida da hantsi, abokina yana gefe yana hura hanci.

Inna ta fito da mayafinta, riƙe da wata 'yar samira mai murfi, ta cika ta da dambun shinkafa don ƙanwarta. Raina ya yi fari. Amma maimakon ta nufi ƙofar mota, sai ta tsaya a gaba.

"Buɗe mini nan."

Na ɗaga bonet ina jiran yabo. Ta leƙa dama, ta leƙa hagu.

"Ina kwandona?"

"Wane kwando, Inna?"

"Na waya. Babanku ya saƙa shi da hannunsa shekarar da aka haife ka. A nan yake sa samirar nan, ya cika ta da soyayyen kifin Katagum, ya iso mini da shi da zafinsa. Wannan ba yadda ya bar ta ba ne."

Ta juya ta koma ciki da samirarta. Ni ban taɓa sani ba, don kifin a tabarma nake ganinsa, ban taɓa tambayar ta inda ya biyo ba.

Abokina ya riƙe ciki yana dariya har da hawaye.

"Malam mai karatu, shi ba ka ga tambarinsa ba ko?"

"Ina ka kai shi?"

"Yana rataye a bishiyar maina, ina zuba tsofaffin filogi. Sai ka ce Barebari ne iyayen gidanka kafin in ba ka."

Na faɗa, har sau biyu, don ya ce bai ji na farko ba. Muka koma gareji, ya zazzage filogin, ya ɗaure kwandon a ramukan da Baba ya huda tun asali. Sai a lokacin na lura da su. Cikin injin nan mai sheƙi, shi kaɗai ne baƙi kuma a karkace. Na ɗauko burushin fenti, abokina ya buge mini hannu.

Da muka dawo, Inna ta sa samirar a ciki da kanta. Samirar ta zauna daram, ko motsi ba ta yi. Inna ta rufe bonet, ta shiga gidan gaba, ta yi bisimilla, ta ce in tafi a hankali, babanku ba ya gudu.

A Katagum 'yan'uwan suka rungume juna suna kuka suna dariya. Can Inna ta aike ni in ɗauko samira. Na kamo ta da gefen rigata saboda zafi. Ƙanwarta ta buɗe murfin, tururi ya tashi, ta dubi Inna ta ce, "Yaya, ashe kwandon yana nan?"