Sallamar Kibiya

A shekarun da taki ya gagari manoma, kwamfuta ɗaya ce a gidanmu, can gefen Tsanyawa. Yayana ne ya kawo min ita saboda karatu. Shi gyaran kwamfutoci yake yi a Bacirawa, can cikin birni, sai ya haɗa tawa da tasa ta intanet, yadda daga shagonsa zai ga fuskar tawa, ya juya ta kamar yana zaune kusa da ni. Kafin ya taɓa komai, kibiyar linzami, wadda ake nuni da ita a kwamfuta, takan zagaya sau uku a tsakiyar allon. Sallamarsa ke nan. Ni kuma in amsa da baki, Inna tana dariya: "Yau kuma da ƙarfe ake gaisawa?"

Zazzaɓi ya ɗauke shi da damina, gero yana fitar da kai.

Bayan sadakar arba'in, wata la'asar na ajiye kwamfutar a kan tabarma ƙarƙashin darbejiya, inda sabis ya fi kamawa. Hannuwana biyu suna cikin tsintar wake sai kibiyar ta motsa. Ta zagaya sau uku. Bakina ya amsa sallamar kafin hankalina ya dawo.

Inna ta saki faifai. "A'uzu billahi! Rufe abin nan!"

Ban rufe ba. Kibiyar ta tafi a hankali, ta buɗe wurin da yake ajiye muryoyi. Sai ga muryarsa a tsakar gida, yana tsokanar Inna cewa miyar kukarta ta fi ƙarfin gishiri. Inna ta zauna a ƙasa. Can rubutu ya fara fitowa, harafi bayan harafi: "Ni ce, matar yayanki. Ki yafe min. Haka na ga yana yi."

Takaba take yi, ba halin fita. An kai mata kwamfutarsa gida daga shago, muryoyin kuwa a tawa ya tara su. Daga ranar, kullum la'asar nakan kunna in matsa gefe. Ta shigo, ta saurara, ta fita. Ko da na san ita ce, ban daina amsa sallamar ba.

Da aka zo rabon gado, Baffa ya ce za a sayar da kwamfutar Yaya. Duk wanda ya saya, ƙofar ɗakina ya saya, sai in na yanke haɗin. Na tura mata muryoyin a wayarta. A la'asar ta ƙarshe ta rubuta: "Ke za ki rufe, ƙanwata. Ni ba zan iya ba."

Sunansa ne kaɗai a jerin waɗanda aka yarda su shigo. Na daɗe ina kallonsa, har inuwar darbejiya ta kai bakin rumbu. Sannan na goge.

Har yau, in na kunna kwamfuta, nakan ɗan janye hannuna tukuna. Kibiyar tana nan inda na bar ta.